Abin da Baba Ya Gaya wa Bikili

Ran Talata da hantsi Baba ya koma ga Mai shi, a wani asibiti na Lyon. Daga Allah muka zo, can kuma za a tattara mu. Kafin la'asar falonmu da ke hawa na goma sha ɗaya a Minguettes ya cika har bakin ƙofa, takalma sun yi tsibi a waje. Asansar, na'urar nan ta hawa bene, ta sake macewa, kamar yadda ta saba duk ranar da ake buƙatarta, saboda haka kowane mai ta'aziyya sai ya dafa bango ya gama haki tukuna kafin ya samu bakin cewa, "Ya haƙuri?"

Tsofaffin 'yan Cadi da suke sahu ɗaya da shi a masallacin Vénissieux ne suka fara zuwa. Ɗayansu ya ce shekara talatin suna tare bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina, domin na san mutumin da ya iya yanka a hankali ba ya buƙatar ihu. Ɗaliban Nijar suka shigo a jere, suka durƙusa, suka ce duk azumi shi ke aika musu da kunu. Tsohuwar hawa na tara ta ce ba ta san adadin ranakun da ya hau mata da kayan cefane ba. Duk gaskiya suka faɗa, ban ƙaryata ko ɗaya ba.

Can sai ga Patron, tsohon Baturen da Baba ya yi wa aikin barga kusan duk rayuwarsa. Da sanda ya hawo benen nan, ya zauna a kujerar Baba yana kuka fiye da mu 'ya'yan gida. Yana ta nanata cewa a duk ƙasar Faransa babu hannu irin na Baba. Na dube shi na ce a raina, ai kai ka sallami hannun, da lemo da biskit.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga La Courneuve da jirgin rana. Ko mayafi ba ta cire ba ta matso kusa da ni ta mintsine ni a cinya.

"Ke ɗiya, ki buɗe kunne. Jibi kahin a ruhe akwati za ki tsaya bisa kanshi ki ce kin yahe mishi. Shekara goma sha ɗaya kina riƙe da shi a zuci, ya isa hakanan. Kar ki bari ɗan'uwana ya shiga ƙasa da nauyinki."

Ba wanda ke falon nan da bai san abin da take nufi ba. Labarin da kowa ya sani shi ne: wata safiya, a babbar gasar da za ta kai ni cikin mahayan ƙasa, Baba ya duba ƙafar dokina bai gane tana da ciwo ba, dokin ya karye a ƙarƙashina ya mutu, burina ya bi shi. Ni na ba su wannan labarin. Yanzu zan ba da shi yadda ya faru, amma sai na fara nuna muku mutumin, don kada ku ɗauka waliyyi na zalunta.

Ɗan Damagaram ne. Yana saurayi ya sauka Yamai ya samu aikin kwashe kashin doki a wani kulob inda Turawa ke hawa da yamma. A can Patron ya gan shi, lokacin shi ma matashi ne, kuma abin da ya gani hannu ne. Baba yakan tsuguna, ya rufe ido, ya bi ƙafar doki da tafin hannu daga gwiwa har kofato, ya miƙe ya ce, "Wannan jibi zai yi ɗingishi." Jibin kuwa sai ya yi. Likitocin dabbobi da na'urorinsu sukan zo daga baya su tabbatar da abin da ya riga ya faɗa. Patron ya yi masa takardu ya kawo shi bargarsa da ke bayan garin Lyon, Baba ya koma gida ya auro Inna, aka haife ni, bayan shekara biyar aka haifi ƙanena.

Wasan da Patron ke yi, wanda ni ma na faɗa ciki, Faransawa na ce masa komple, wato cikakke, don abu uku ake haɗawa da doki ɗaya. Ranar farko tafiyar ladabi ce a fili, gaban alƙalai. Rana ta biyu kros, wato sukuwa cikin daji ana tsallake gungume da rami da ruwa, abubuwan da in ka buge su ba sa faɗuwa, sai dai kai ka faɗi. Rana ta uku tsallen sanduna. Baba yakan ce ta farko ta masu hula ce, ta ƙarshe ta masu hoto, ta tsakiya kuwa ta mala'ikan mutuwa.

Ni ce 'yar fari, kuma daga nan matsalata ta faro. A gida in an haifi ɗan fari iyaye kan yi kunyarsa, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke ɗauke shi ta raina. A Minguettes babu kaka. Inna ta yi kunyar wata shida ta gaji, ta laƙaba min suna ta ci gaba da harkarta. Baba kuwa ya riƙe tasa kamar farilla, har ya ƙara mata nafila. Bai taɓa kiran sunana ba. In an tambaye shi sunana a lakwal, wato makaranta, sai ya sa yatsa a kan takarda. A gida sunana "waccan". In yana son in kawo masa ruwa, ga ni zaune a gabansa, sai ya ce wa ƙanena, "Gaya wa waccan randa ba ta tahiya da ƙafarta."

A barga babu ƙanena, don shi tun yana ƙarami ya ce warin doki na sa shi amai, ya tsira. Sai Baba ya samu ɗan aike na dabam. Ina da shekara bakwai ya ɗora ni a kan wani kuru, irin gajerun dawakin nan na koyon yara, ya tsaya a tsakiyar fili da hannu a baya ya ce, "Kai, gaya wa buhun da ke bayanka ya sauke diddige." Na sauke diddige. Tun daga ranar duk abin da na iya na hawan doki, ta bakin doki na ji shi. Turawan barga suna ganin abin sha'awa ne, wai ga dattijon Afirka mai hira da dabbobi, har hoto sukan ɗauke shi. Ba su san zagina yake yi ba.

Zagi kuwa ya iya shi. Da sanyin Janairu ya taɓa cire min likkafa har sati uku, ina sassarfa ba wurin taka ƙafa, har fatar cinyata ta saɓule, wando ya manne da jini. Da Inna ta gani tana wanki ta fito masa da wandon a hannu.

"Malam, ɗiyarka ce fa, ba jaka ba!"

Ya ci gaba da kurɓar shayinsa ya ce, "Da jaka ce da tuni ta iya."

Ina da sha biyu na faɗi a kan wani shinge, ƙashin kafaɗata ya karye. Ina kwance ina ganin takalmansa suna tahowa da gudu, zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai zai ɗauke ni. Ya tsallake ni ya kama linzamin dokin, ya duba ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wa dokin, "Alhamdu lillahi, babu asara." Wata Baturiya ce ta kai ni asibiti. Ranar da na fara cin kofi a gasar matasa, ana tafi, Patron na ɗaga ni sama, Baba ya ba dokin karas ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Da ba a ɗora maka kaya ba da ka fi haka."

Amma ku zo ku gan shi da asuba cikin hunturu, yana sa ƙarfen linzami a hammatarsa har ya yi ɗumi kafin ya sa wa doki a baki. Ku gan shi yana tsince ƙaya daga ciyawa da yatsa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa doki bulala ba, ya kuma taɓa kama wuyan rigar wani mahayi mai suna a gaban jama'a don ya huda cikin dokinsa da ƙaimi. Tausayi na nan cike da cikinsa, ni ce dai ba ta hanyata ya biyo ba. Maganarsa biyu ce kullum: "Ƙafa ita ce doki, sauran duk kaya ne," da kuma, "Doki ba ya ƙarya, mai shi ke yi."

Sau ɗaya na yi masa tawaye. Ina da sha bakwai, kaina ya cika da abin da ƙawayena ke faɗa game da iyayensu, na tare shi a ƙofar barga na yi masa ihu da Faransanci. Na ce ya dube ni, ya faɗi sunana, sau ɗaya tak, ai shi ya raɗa min. Ya jira na gama tsaf. Sannan ya juya ga dokin da ke leƙowa ta ƙofa ya ce, "Ka ji? An koya wa waccan haushi a lakwal." Na yi kuka har makogwarona ya bushe, washegari kuma na dawo na ɗaura sirdi, don ba ni da wani wurin da nake jin muryarsa in ba nan ba.

Bikili ya zo mana ina da shekara ashirin. A takarda yana da wani dogon sunan Faransanci, Baba ya dubi launinsa ya ce Bikili, sunan ya zauna. Korarre ne daga wurin masu tsere, ga cizo ga harbi, ba wanda ke son shiga ɗakinsa. Baba ya yi wata huɗu yana zama a bakin ƙofarsa yana jan carbi, har dokin ya gaji da fushi ya zo ya ɗora masa haɓa a kafaɗa. Shekara tara muka yi tare, ni a sama, Baba a ƙasa, Bikili a tsakiya yana kai saƙo. Muka hau mataki bayan mataki har muka kai inda manya ke gogawa. 'Yar mai share barga daga Minguettes, baƙa wuluk cikin hular kwano, masu jarida suka fara nemana, ni kuma daɗin abin ya shiga kaina.

Akwai abu ɗaya da yake yi kafin kowane kros. In ya ɗaure majayin sirdi ya gama, sai ya daki wuyan Bikili sau biyu ya ce, "Ka tahi da kayana, ka maido min kayana." Ni ce kayan. Duk tsawon rayuwata wannan ce maganar da ta fi kusa da so da na taɓa ji daga bakinsa, kuma nakan yi kamar ina gyara safar hannu don in ji ta da kyau.

To, ga safiyar.

A wani daji ne kudu da Paris, cikin bazara. Jiya mun yi tafiyar ladabi mun zo na biyu. Masu zaɓen mahayan ƙasa suna wurin, kuma an riga an raɗa min cewa in na gama kros lafiya sunana ya shiga. Shekarata ashirin da tara, Bikili kuma ya fara manyanta, na san wannan ƙofar ba za ta sake buɗewa ba. Wajen ƙarfe takwas muna cikin rumfar dawaki, Patron na tsaye, wata mata daga cikin masu zaɓen ta leƙo gaishe mu, ni ina ɗaura lambata a ƙirji. Baba ya tsuguna kamar kullum. Ya bi ƙafar gaba ta hagu, ya koma ta dama, ya sake dawowa ta hagu. Ya daɗe a wurin, ido a rufe. Sannan ya miƙe ya kama kunnen dokin ya ce da Hausa, a hankali:

"Bikili, ƙahwar nan da wuta a ciki. Ka gaya wa mai hawanka yau ba ranar gudu ba ce. In ta ƙi ji, kai za ka biya."

Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Na ji kowace kalma. A duk dajin nan mu biyu kaɗai ke jin Hausa, kuma ya san haka.

Patron ya ga ya daɗe a tsugune ya tambaye shi da Faransanci, "Ça va?", wato komai lafiya? Baba bai amsa ba. A wurinsa saƙo ya riga ya isa ga mai shi, doki nawa ne, hukunci nawa ne, kuma ba zai tsallake 'yar fari ya kai maganarta gaban baƙi ba. Sai ya ɗago ya dube ni. Ina jin wannan ne karo na farko da ya dube ni ido cikin ido tun da na yi wayo. Yana jira.

Na ce, "Ça va, Patron."

Na yi wa kaina hujjoji, kuma masu kyau. Dokin ya yi sassarfa a gabana ba ɗingishi. Likitan gasa ya duba shi shekaranjiya ya wuce. Baba tsoho ne, ya cika tsoro. A ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai wata 'yar muguwar murya da ke cewa, ai ba ke ya gaya wa ba, doki ya gaya wa, in yana so ki ji ya kira sunanki mana. Na yi kunnen uwar shegu. Baba ya ɗaure majayi ya ja da baya. Bai daki wuyan dokin ba, bai ce a maido masa da kayansa ba, na kuwa lura.

Bikili ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Mun wuce shinge goma sha shida kamar ana zuba ruwa. Na sha bakwai gungume ne bayan an fito daga tafki. Ya tashi daidai, ya sauka, sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Bawan Allah ya ƙara taku uku da ƙafa uku don kada ya yar da ni, sannan muka zube tare. Wuyan hannuna ya karye. Ma'aikata suka zo da sauri suka kafa labule kewaye da mu don kada 'yan kallo su gani, wanda duk mahayi ya san ma'anarsa.

Baba ya iso da gudu, mutum mai shekara sittin da wani abu, ya ratsa labulen. Ya tsuguna ya ɗora kan Bikili a cinyarsa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har dokin ya daina fizga. Da likita ya fito da allurar da za ta ƙarasa shi ya huta, Baba ya miƙo hannu ya kamo hannuna mai lafiya, ya danƙa min igiyar ragama, ya matse yatsuna a kanta har sai da na ji zafi. Ya ce wa dokin, "Ga wadda ta aike ka. Ta raka ka." Ya tashi ya fita ya bar ni. Ina riƙe da igiyar har ta saki. Wannan ne saƙo na ƙarshe da ya aiko min ta bakin doki.

Da yamma shugabannin gasa suka kira mu, kamar yadda ake yi duk lokacin da doki ya mutu a fili. Likita ya ce ga alama ƙashin ya riga ya tsage tun kafin a tashi. Suka tambaye ni wa ya duba ƙafafun da safe. Na ce mai kula da dokin, mahaifina. Suka ce ya gaya miki wani abu? Na ce, "Bai ce min komai ba." Ku duba yadda na gina ta, ko a gaban alƙali ba za a ce na yi ƙarya ba. Suka juya gare shi. Yana iya Faransanci sarai, kalma biyar ta ishe shi ya wanke kansa. Ya buɗe tafukansa ya dube su, ya ce, "Hannuna ya tsufa."

Kafin kaka Patron ya yi masa walimar ritaya a barga, aka ba shi bargo mai tambarin gidan. Ni aka riƙe ni, har aka riƙa ba ni dawakai masu kyau saboda tausayi, wai yarinyar da sakacin ubanta ya cuta. Labarin ya zaga duk inda ake hawa, daga Lyon har Paris, ni kuma duk wanda ya tambaya sai in sauke ido in ce ba na son maganar. Baba ya koma hawa na goma sha ɗaya ya zauna a bakin taga yana kallon tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na wucewa. Shekara goma sha ɗaya bai sake taɓa doki ba. Inna ta yarda da ni, ta juya masa baya, a shekara ta uku ta rasu tana jin haushinsa, shi kuwa yana zaune a gefen gadonta bai gaya mata gaskiya ba. Wannan kam ban san ko don ni ya yi ba ko don girman kai, wataƙila shi ma bai sani ba.

Na ƙara shekara huɗu ina gasa ban kai ko'ina ba. Duk safiyar kros sai in ga kamar ƙafar dokina na cin wuta, in ja linzami inda ya kamata in saki. Na ajiye. Yanzu yara nake koya wa hawan kuru a wata ƙaramar barga a gefen Paris. Ina zuwa Lyon da Salla, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa wa bango. Ko ta bakin ƙanena ya daina aiko min da komai, ko da zagi ne, har na riƙa kewar zagin.

Ina jin haushinsa har yau, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Da ya dafa kafaɗata a rumfar nan ya kira sunana ya ce, "Kar ki hau," ina gaya wa kaina da na sauka. Wani lokaci kuma in na yi wa kaina adalci sai in ce, ƙarya kike, da kin hau ko da ya kwanta a gaban dokin. Al'adar da ya riƙe ta ba ni ƙofar gudu, amma ba ita ta tura ni ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ƙanena ya baro aikinsa a Rungis muka shiga jirgi tare. Mun same shi ya rame, hannayen nan a kan bargo kamar tsofaffin safa. Ƙanena ya ce, "Baba, ga Yaya ta zo." Na tsaya a ƙarshen gado, maganar na nan a bakina, shekara goma sha ɗaya ina tauna ta. Ya buɗe ido ya dubi ƙanena, muryarsa da kyar take fita.

"Tambayi waccan, kunnen nata ya warke?"

Ƙanena ya juyo da mamaki. "Yaya, ciwon kunne kike?"

Na ce a'a. Na ce bari in je in samo mana kofi. Na tsaya a gaban na'urar kofin nan har ma'aikaciya ta tambaye ni ko lafiya, da na dawo ya yi barci. Bai ƙara farkawa da hankalinsa ba, bayan kwana biyu ya cika. Har a gadon mutuwa bai rasa inda zai soka ba, kuma ya soka daidai. Ya ba ni ƙofa ta ƙarshe, irin tasa mai ƙaya, na sake juya baya.

Ran Alhamis aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, aka kira mu mu yi sallama kafin a rufe akwati a kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Gwaggo ta riƙe ni a gwiwar hannu kamar mai kai akuya kasuwa. Ga ƙanena, ga liman, ga tsofaffin masallaci, har Patron yana can baya da hularsa a hannu.

"To, ɗiya, buɗe baki. Yana ji."

Na dubi fuskarsa. Abin da ya kamata in ce na san shi, gajere ne. Amma idanu sun yi yawa, kuma ni ɗiyar ubana ce, ban iya tona kaina a gaban baƙi ba. Na ce, "Baba, na yafe maka."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Gwaggo ta rungume ni tana kuka tana cewa Allah ya yi min albarka, ɗiyar halak, yau na sauke wa ɗan'uwanta kaya. Liman ya ce a yi koyi da ni. Haka aka binne shi, da laifina a wuyansa da yafiyata a samansa. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan muni ba, kuma an sa min albarka a kansa.

Shi ya sa na rubuta wannan, da harshen da ya yi maganar da shi. Gwaggo, ƙanena zai karanta miki, in kin ji ki janye albarkarki in kin ga dama. Ku mutanen masallaci, ku gaya wa duk wanda ya tambaya cewa hannun mutumin nan bai tsufa ba. Ya ji wuta a ƙashin da na'ura ba ta gani ba, ya kuma faɗa. Mugun uba ne, gwanin doki ne, kuma bai taɓa yin ƙarya ba sai sau ɗaya, don ya rufe tawa. Allah ya yi masa rahamar da bai iya nuna min ba, ya haɗa shi da Inna ya bayyana mata gaskiya, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Ran Litinin na koma aiki. Kafin yara su iso na shiga ɗakin wani tsohon kuru da ba ya jin komai sai cikinsa. Na tsuguna, na rufe ido, na bi ƙafarsa ta hagu daga gwiwa har kofato. Ba ni da hannun, ban ji komai ba sai gashi da laka. Na miƙe na kama kunnensa, na duba ko akwai kowa, sannan na ce masa, "Ka gaya masa na ji. Tun ranar na ji."

Ya fizge kunnensa ya ci gaba da cin ciyawa.